Bushiya da Ƙafafun Aro

Duk layin shagunan nan babu wanda ya taɓa rungumar telan ƙarshen layi sau biyu. Sau ɗaya ya ishi kowa. Mutum ne da bai yarda da ajiye fil a gwangwani ba, ya ce gwangwani yawo yake yi, kana juya baya ya shige ƙarƙashin yadi. Shi a jikinsa yake soke kayansa: gaban riga, kwala, bakin hannu, in aiki ya taru har kafaɗa. Allurar hannu kuwa tana saman aljihu, zarenta na lilo. Tun yana saurayi aka sa masa Bushiya, sunan kuma ya bi shi har furfura. In baƙo ya kira shi da sunansa na gaskiya, sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai faci da kantin magani. Teburin yanka, bencin masu jira, madubi mai tsaga a kusurwa, sai baƙin keken ɗinki na feda da ya saya a hannun maigidan da ya koya masa sana'a. Da safe yakan tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya ɗora tafin ƙafa a kan feda kamar mai gaida tsoho. Ɗinkinsa a miƙe yake kamar an ja da igiya, amma duk wanda ya kawo yadi cikin gaggawa ya sayo wa kansa hawan jini. Magana ma haka yake yin ta: ya ajiye kalma ɗaya, ya duba ta, sannan ya ɗauko ta biyu.

Matarsa kuwa da wuta a ƙafa aka halicce ta. Tumatir da albasa take sayarwa a bakin kasuwa, ana kiranta Guguwa, ita ma ba ta taɓa musawa ba. Tun da suka yi aure ba wanda ya gan su kafaɗa da kafaɗa a hanya. Ita tana gaba, ta kai kwana ta tsaya ta riƙe ƙugu; shi yana baya, yana nazarin yadda aka ɗinka wandon mutumin da ke gabansa. Sun haifi 'ya'ya, sun girma sun watse, amma faɗansu na ranar wanki bai tsufa ba.

"Baban yara, yau ma rigarka ta cije ni!"

"Da kin... zazzage ta."

"Ka zazzage ta da kanka! Wallahi wata rana fil ɗin nan su ne ajalinka."

Ranar da abin ya faru an sha ruwan sama da safe. Kwanon rufin shagon ya yi yoyo daidai kan teburin yanka, ruwa na ɗiga a kan yadin mutane. Ya ari tsanin Mai Faci, ya kafa shi a inda Mai Faci ke zubar da baƙin mai. Ya hau a hankali, kamar yadda yake yin komai. Saukowar ce kawai bai yi a hankali ba. Tsanin ya zame, ya faɗo, gadon bayansa ya daki bakin kwatar siminti.

Bai suma ba. Yana kwance rigingine yana kallon sama, abin da ya ba shi mamaki shi ne bai san inda ƙafafunsa suke ba. Yana hango su can, amma kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Nan da nan layin ya taru, kowa da maganinsa. Wannan ya ce a zaunar da shi, wancan ya ce a watsa masa ruwa, wani ya ce a ja ƙafar da ƙarfi ƙashin ya koma gurbinsa. Wani mai babur har ya tayar da injin.

"Ku ɗora shi a tsakiya, wani ya hau baya ya riƙe shi! Ku yi sauri mana!"

Mai Faci ƙato ne, wanda ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai. Ya sunkuya ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatar Bushiya, sai aka ji ya kwarma ihu ya yi tsalle baya.

"Wayyo! Kunama!"

"Ba kunama ba ce," in ji Bushiya daga ƙasa. "Ni ne."

Mai wankin layin ya gwada ta kwala, ya janye yana tsotsar yatsa. Mai babur ya sauko ya kama kafaɗa, ya koma yana yarfe hannu yana zagin iska. Aka tsaya cirko-cirko. Can Mai Faci ya yanke hukunci.

"Jama'a, ba ya ɗaukuwa haka. Sai an fige shi tukuna."

Suka durƙusa suka kewaye shi suna zare fil ɗaya bayan ɗaya, suna zubawa a murfin gwangwani. Shi kuma yana ba su kwatance.

"Akwai... a kafaɗar hagu. Kada ku zubar. Masu jan kai ne... ba a samun irinsu yanzu."

Wannan figar ce ta ba matar kantin magani lokaci. Ta kira motar asibiti, ta ture mutane, ta durƙusa ta tallafe kansa da hannu biyu, don nan ne kaɗai ba ƙaya. Ta ce duk wanda ya motsa shi, ita da shi ne. Mai babur na ta gunaguni cewa da tuni sun kai. Ba a gama figar hannun dama ba motar ta iso. Ma'aikatan suka sa masa abin tallafe wuya, suka mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da ƙugu da ƙafa a layi guda, suka ɗaure shi a kan katako. A daidai nan Guguwa ta faɗo wurin a guje, albasa guda a hannunta ba ta ma sani ba.

"Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?" take cewa, hawaye na zuba. Ba wanda ya san me ta faɗa, ba kuma wanda ya tambaya.

A asibiti wata nas ta ɗauko almakashi ta fara keta rigarsa daga tsakiya.

"'Yata... bi ɗinkin gefe. Za ta gyaru."

Ba ta bi ba. Ya rufe ido har ta gama. Da za a shigar da shi na'urar hoto aka tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsa, Guguwa ta fashe da dariya cikin kuka, ta ce su sake dubawa. Suka duba, suka zaro wasu a ƙugun wando.

Likitan tiyata ya yi musu bayani a tsaye. Ƙashi ɗaya a gadon baya ya murƙushe ya danne laka, wato jijiyar nan da ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafa. Za su shiga su ɗage ƙashin daga kanta, su kafa ƙarfe da sukuru don bayan ya tsaya. Batun ƙafa kuwa, ba zai yi alkawari ba. Ya tambayi yadda aka ɗauko shi, aka ba shi labarin figa. Ya jinjina kai ya ce da an naɗe shi a kan babur, da ɓarnar ta fi haka nisa.

"Likita, don girman Allah kar ka faɗi wannan a gabansa," in ji Guguwa.

Ai kuwa Bushiya ya riga ya ji. Da ɗan murmushinsa aka tura shi ɗakin tiyata.

Ya farka a dogon ɗaki mai gadaje a jere, da robar fitsari a jikinsa, nas-nas suna zuwa lokaci-lokaci suna juya shi dama da hagu kamar yadi a hannun mai guga. A gadon kusa da shi akwai wani direban babbar mota da ya daɗe a ɗakin, shi ma bayansa ne ya karye. Direba ya san sunan kowane magani, ya san wace nas ce ke da hannu mai sauƙi, bakinsa kuwa ba birki.

Tambaya ɗaya Bushiya ke yi wa likita kullum: yaushe zai taka feda? Likitan bai ɓoye masa ba. Ya ce mai yiwuwa ji ya dawo kaɗan a cinya, amma ƙafar da za ta juya keke, kada ya sa rai. Bushiya ya gyaɗa kai cikin ladabi. Bai yarda ba, kuma yana da dalili.

Dalilin kuwa shi ne, ya sa Guguwa ta ɗauko masa hoton bayansa da waya, don ya ga ɗinkin da aka yi masa. Ya kawo wayar kusa da hanci, ya nisantar da ita, ya sake kawowa. Ba zare ko ɗaya. Wasu 'yan ƙarafa ne a jere daga sama har ƙasa, irin waɗanda ake haɗa takardu da su a ofis.

"Maman yara," ya ce, fuskarsa ta washe, "ba a gama ba."

"Me ba a gama ba?"

"Aikin. Fil suka kafa. Ai ba a ba mutum riga da fil... Gwaji ne. In sun ga ya zauna daidai, sai su ɗinke. To a nan ƙafa za ta dawo."

Direba ya ɗago kai daga filo. "Tela, ni ma haka aka manne ni kamar takardar kotu. Shi ke nan aikin."

"Kai ai... tuƙi ka sani."

Saboda haka da mai gashin ƙashi ta zo, ba ta same shi da wasa ba. Mace ce gajeriya mai murya kamar usur, 'yan ɗakin na kiranta Soja a bayan idonta. Ta zo da wata rigar roba mai tauri ta ɗaure baya, da kujera mai taya.

"Baba, yau za mu koyi zama."

"'Yata, bari a gama aikin."

"Hannuwanka fa? Su ne ƙafarka yanzu, sai mun ƙarfafa su."

"Ina da ƙafa. Ana gyara."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo likita ya sake bayani. Bushiya ya saurari kowa har ƙarshe, ya gode musu, ya ci gaba da kwanciyarsa.

Ana cikin haka Yayansa ya zo dubiya. Tsohon ma'aikacin sito ne, wanda tun suna yara shi ke zaɓa wa Bushiya takalmi, shi ke faɗa masa in yana jin yunwa. Ya zauna a bakin gado ya ɗora hula a gwiwa.

"Ƙarami, na gama tunani, ba sai ka wahalar da kanka ba. Keken nan sayar da shi za mu yi, a mayar wa mai shago shagonsa. In sa maka tebur a ƙofar gida: alewa, ashana, biskit. Ka zauna a inuwa, yara su zo su saya. Me ya fi wannan?"

Bushiya bai taɓa ce wa Yaya a'a ba, bai ma san ta ina ake fara ta ba. Ya ce, "To, Yaya." Amma da ya hango kansa a bayan tebur yana korar ƙuda daga kan alewa, wani kuma can yana taka masa feda da takalmi, sai ya kau da kai. Ya lallashi kansa da cewa ai ba a ɗinke ba tukuna.

Ranar cire ƙarafan, ya sa aka goge masa fuska tun da wuri. Nas ta juya shi gefe, ta ɗauko ɗan ƙaramin abu kamar filaya. Yana jin ƙararsu suna faɗawa cikin kwanon ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Da ƙarar ta tsaya ya gyara numfashi yana jiran allura. Sai ya ji ta shafa magani, ta manna filasta, tana tattara kayanta.

"'Yata... ɗinkin fa?"

"Wane ɗinki, Baba? Ai fata ta kama kanta. Ya haɗe tsaf, ka yi sa'a."

"An gama ke nan?"

"An gama."

Ya tattara duk ƙarfin da ke jikinsa ya aika wa babban yatsan ƙafarsa saƙo. Saƙon bai isa ba. Ya roƙe ta ta bar shi yadda yake, yana fuskantar bango. Ranar ce kaɗai aka ji Direba shiru. Can da yamma ya ɓare lemo, ya miƙo rabi ta tsakanin gadaje.

Washegari Soja ta zo da shirin faɗa, har ta ja numfashi. Bushiya ya riga ta.

"'Yata, nuna mini... yadda ake zama."

Zaman farko ɗakin ya juya masa kamar yadi a igiyar shanya, ya yi amai a kan takalminta. Ta ce ba komai, an yi mata wanda ya fi wannan. Daga nan aka shiga aiki. Ya koyi ɗaga jikinsa da hannuwa, ya koyi zamewa daga gado zuwa kujera a kan ɗan katako mai santsi, ya koyi duba fatar bayansa da madubi. Hannuwan da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi dutsen guga ba suka fara tauri. Soja ta ce a duk ɗakin shi kaɗai ne ba ya gaggawa ya faɗi, matsalarsa ɗaya, kafin ya isa kujera an tashi aiki.

Direba aka fara shirin sallama. Don murna ya sa aka kawo masa wandonsa na fita, mai kauri, mai aljihun baya da maɓallin ƙarfe, ya wuni a kujera yana zagaya ɗakin yana ban kwana. Da aka zo tuɓe shi sai ga gyambo ya fara a inda maɓallin ya danna. Aka fasa sallamar. Soja ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta yi wa kowa huɗuba: wurin da ba ka ji, ɗinki mai kauri ko maɓalli na iya cin fatarka har ƙashi ba ka sani ba.

Bushiya ya ce a miƙo masa wandon. Ya juya shi ciki da waje, ya daɗe yana kallo. Sai a ranar ya lura cewa duk wandon da ya taɓa ɗinkawa a duniya, na mai tsayuwa ne. Mutum na zama, baya ya zame ƙasa, gaba ya tattare, ƙafa ta haye sama. Ya ari tef ɗin Soja, ya auna Direba a zaune, yana riƙe awon a ka.

"In na koma shago... zan yi maka."

"Da wace ƙafar, Tela?"

"Ban sani ba tukuna."

Da aka sallami Bushiya bai bari an kafa teburin alewa ba, ya ce zai je ya yi wa shago ban kwana. Ban kwanan ya ƙi ƙarewa. Mai Faci ya zuba masa gangaren siminti a bakin ƙofa, ya ɗora keken a kan bulo don kujerar ta shige ƙarƙashi. Aka gwada mariƙin juyawa da hannu: hannu ɗaya na juyi, ɗaya na dafe tebur don kada ya kife, yadi kuma ya tafi inda ya ga dama. Aka aro injin lantarki aka sa masa abin dannawa a gwiwar hannu, keken ya zabura kamar an sako kare, kafin ya saba kuma aka ɗauke wuta. Mai Faci ya ce shi zai zama ƙafa. Ya zauna ta bayan keken ya taka feda kamar mai ba taya iska, bel ya yi tsalle ya faɗa kan benci.

Yaya ya aiko cewa ƙarshen mako zai zo da mai sayen keke.

Guguwa ta dawo daga kasuwa ta tarar da mijinta zaune, sabon wandon da zai yi wa Direba a yanke a gabansa gunduwa-gunduwa, ba ɗinki ko ɗaya. Ta dube shi, ta dubi keken. Ta ajiye kwando, ta ja kujerar Mai Faci, ta cire silifa.

"To, tayar."

Ya juya 'yar tayar gefen keken da tafin hannu, ta cafke da feda. Abin da ya biyo baya, layin gaba ɗaya sai da ya leƙo. Keken da ya saba tafiyar tsoho ya kama gudu kamar an biyo shi.

"Tsa..." in ji Bushiya.

Kafin ya kai ga "ya", allura ta bi ta kan bakin aljihu ta rufe shi ruf, ta wuce ta haɗe ƙafar dama da ta hagu.

"Kin mayar da shi... buhu."

"Kai ne ba ka yi magana ba!"

"Na fara."

"Ka fara! Kafin ka gama cewa tsaya ai an tashi kasuwa an share!"

Ya warware, suka sake. Ya warware, suka sake. Ya gwada buga tebur, sai yadi ya kuɓuce. Ya gwada faɗin "tsaya" tun da sauran nisa, sai ta tsaya a tsakiyar hanya ta riƙe ƙugu tana jiransa. Mai Faci ya kawo shawarar a ɗaura masa usur a baki, ta ce in ya sake magana shi za ta ɗinke.

A rana ta gaba ne, bayan sun ɓata wani ƙyallen gwaji, ta ɗaga ƙafa daga feda ta zuba masa ido.

"Baban yara, daina magana gaba ɗaya."

"To ta yaya..."

"In kana son a rage gudu, girarka ta hagu na ɗagawa. In kana son a tsaya, leɓenka na ƙasa kake turowa."

"Ni? Ba na yi."

"Kana yi. In za ka ƙi abinci ma haka kake yi. Ka dubi yadinka, ni in dubi fuskarka."

Kunya ta kama shi kamar wanda aka leƙa a banɗaki. Ya yi ƙoƙari ya daskarar da fuskar, amma da allura ta doshi kwana girar ta ɗaga da kanta, keken ya lafa. Leɓe ya fito, keken ya tsaya cak. Ya juya yadi, ya tayar, ta bi. Layin ya fita a miƙe. Da ya ɗago don ya nuna mata, sai ya ga ita ba layin take kallo ba. Ya lura da furfura a gefen kunnenta, bai san yaushe ta fito ba. Ya mayar da kai kan yadi da sauri.

Ranar da Yaya ya zo da mai saye, wani siririn mutum mai yawan ƙwanƙwasa abubuwa, an gama wandon ana cire zare. Yaya ya ɗauka ya ɗaga shi sama. Baya dogo har kusan ƙirji, gaba gajere, ƙafafu zaƙo-zaƙo, ba aljihun baya, ba maɓalli, sai roba a ƙugu da aljihu a kan cinya. Yaya ya yi dariya har da tari.

"Ƙarami, ka gani ko? Faɗuwar nan ta taɓa har idonka. Wa zai sa wannan, raƙumi?"

"Ni ne raƙumin," in ji wata murya daga ƙofa.

Direba ne, an sallamo shi, ga shi a kujerarsa, Mai Faci na turo shi kan gangaren yana nishi. Aka ja labule, aka yi ta kokawa a ciki ana jin Direba na ba da umarni, sannan aka yaye. A zaune, wandon ya kwanta a jikinsa kamar a nan ya tsiro. Baya ya rufe, gaba ba tattara, bakin ƙafa ya sauka daidai kan takalmi. Direba ya zura hannu a aljihun cinya ya zaro, ya sake zurawa.

"Tela, Soja ta ce in ya yi, in faɗa maka duk 'yan ɗakinmu na so. Har sabon da aka kawo gadonka."

Mai saye bai kula ba, yana ƙwanƙwasa ƙafar keken yana cewa ta ɗan yi tsatsa. Guguwa ta ɗora ƙafa a kan feda.

"Malam, in za ka saya, da ni za ka haɗa. Ni ce injin. Kuma ina ci da yawa."

Mutumin ya dubi Yaya. Yaya ya dubi ƙanensa, yana jiran "To, Yaya" da ya saba ji. Bushiya ya buɗe baki, ya ajiye kalma ɗaya, ya duba ta da kyau.

"A'a... Yaya."

Mai saye ya tuna yana da wani uzuri, ya sulale. Yaya ya juya hularsa a hannu, ya yi gyaran murya.

"To ai ni taimako nake nufi. Ita fa wannan, kasuwarta fa? Wa zai taka maka da safe?"

"Yauwa, Yaya, Allah ya saka," in ji Guguwa, ta miƙe tana zura silifa. "Tumatir ɗina na can yana ruɓewa. Tunda ka yi ritaya, kuma taimako ka zo yi, bismillah. Ka dubi girarsa ta hagu." Ta suri kwando, kafin Yaya ya haɗa amsa ta sha kwana.

Yaya ya tsaya yana kallon kujerar. Ya dubi Direba, Direba ya ɗaga kafaɗa. A hankali ya zauna, ya ɗaga ƙafa zai ɗora.

"Takalmi, Yaya."

Ya tuɓe. Bushiya ya shimfiɗa sabon yadi ƙarƙashin allura, ya sauke abin danne yadi, ya juya 'yar tayar keken da tafin hannu. Yaya ya taka da ƙarfinsa, keken ya juya da baya, zare ya tsinke.

"Keken nan naka ya lalace, Ƙarami."

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Bushiya, yana lasar bakin zare. "Kowa haka yake farawa. Sake."